Kawu Jamus da Bindigar Katako

Duk wanda ya saba sammako a Kafanchan a shekarun baya ya san Kawu Bulus, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan mai jar hular ulu da tuntu a ka, sandunan gora biyu a hannu, bindiga rataye a baya, yana jan ƙafa a gefen titin Kagoro. Ba gudu yake yi ba, ba kuma tafiya ba. In ka tambaye shi, zamiya yake yi a kan ƙanƙara. In ka gaishe shi ba zai amsa ba, sai dai ya ɗaga maka sanda ɗaya, wai numfashi ya fi ƙarfin a ɓarnatar da shi a kan "ina kwana". Gari duka Kawu Jamus ake ce masa, har da waɗanda suka girme shi.

Ni ce Rifkatu, 'yar ƙanwarsa, a gidansa na tashi. Kuma gara in faɗa tun yanzu, da fushi nake wannan rubutu. Ɗan littafin jana'izarsa da 'yan uwa suka buga cewa ya yi shi ma'aikacin reluwe ne mai ritaya, dattijon coci, uban 'ya'ya shida. Shi ke nan fa. Abin da bawan Allahn nan ya ba wa shekara ashirin na rayuwarsa bai samu ko layi ɗaya ba, wai kada baƙi su yi dariya. Wace dariya kuma ta rage? Mun riga mun yi ta, a gaban idonsa muka yi, ni ma ina ciki.

Ga yadda abin ya faro. A wajen 1976 aka tura shi kwas Jamus ta Gabas, wata tara, ya koyo gyaran injin jirgin ƙasa. Abokan tafiyarsa sun dawo da rediyo da agogo da keken ɗinki, matansu suna ta fankama. Kawu ya dawo da hular nan, da bindigar iska mai harba 'yar dalma kamar ƙwayar dawa, da gwangwanin dalmar guda ɗaya, da wani wasa a kansa da ake kira biyatalon. Yadda ya bayyana mana, sai ka ɗaura dogayen katakai a ƙafa ka yi ta zamiya a kan ƙanƙara har zuciyarka ta kusa fitowa ta baki, sannan ka tsaya cak ka harbi baƙaƙen ɗigo biyar. Kowane ɗigo ka kuskure, sai ka yi zagaye ɗaya na horo kafin ka wuce. Ya ce ma'aikatan masana'antar da yake sun shirya tasu gasar, shi ma ya shiga. Ya faɗi ƙasa sau goma sha ɗaya, shi ya zo na ƙarshe, amma da ya kai wurin harbi ya samu biyar cikin biyar, har Turawa suka ɗaga shi sama.

Faɗuwar kowa ya yarda da ita. Biyar cikin biyar ɗin ce babu wanda ya yarda. Shugaban marasa yarda shi ne maƙwabcinmu Baba Dogara, tsohon maharbi, wanda ya ce shi bai taɓa ganin gwanin harbin da ko kurciya bai taɓa kawo wa matarsa ba. Kawu kuwa ya ƙi ya gwada a gani, saboda tsumulmula. Dalmar ba a sayar da ita a Kafanchan, don haka ba zai harba ko ɗaya ba sai ranar gasa. Shekara goma sha ɗaya yana shafa wa bindigar mai, yana saitawa ba tare da ya ɗura ba, Baba Dogara yana leƙowa ta katanga yana tambaya ko yau ce ranar. Da abin ya ishi Kawu sai ya sa rana: Litinin ɗin Ista ta 1987, a filin makarantar firamare, a gaban kowa.

Kun san rikicin da ya ɓarke a garin nan a watan Maris na shekarar, ba sai na tayar wa kowa da mikinsa ba. Bayan ƙura ta lafa aka bi unguwarmu ana karɓar makamai. Masu makaman gaske sun san inda suka binne nasu. Kawu da kansa ya fito da tasa a nannaɗe cikin tawul, ya yi wa jami'in bayanin biyatalon tun daga farko, ya roƙe shi ya riƙa shafa mata mai duk sati biyu. Aka miƙa masa 'yar takarda, aka jefa ta bayan mota tare da adduna. Bindigar da ko zabuwa za ta harba sai dai zabuwar ta juyo ta harare ta, ita ce aka rubuta wa "makami mai haɗari". Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Mun ɗauka abin ya ƙare ke nan. Ina! Sati bai cika ba ya je wurin kafinta aka sassaƙa masa wata ta katako, tsawo ɗaya, nauyi ɗaya, don sai da ya sa aka ɗaure mata guntun ƙarfen layin dogo a ciki. Ya zana ɗigo biyar da gawayi a bangon bayan gida. Kullum in ya dawo daga titi yana haki sai ya kwanta rub da ciki a tsakar gida, ya saita katakon, ya ja numfashi, ya ce "tas" da bakinsa sau biyar. Sannan ya tashi, ya karkaɗe gwiwa, ya ce, "Na kuskure biyu." Ya kama zagaye bishiyar mangwaro.

Matarsa, Mama Saratu, ta jure wata guda tana kallo daga bakin murhu. Ran nan ta ajiye muciya ta ce, "Baban Markus, bindiga na katako, harsashi na baki, bango bai san an yi ba. Wa ya gaya maka ka kuskure? Tunda kai ne alƙali, ka ba kanka biyar mana ka zo ka sha kunu."

Ya tsaya yana kallonta kamar ta ce ya saci kuɗin baikon coci. Ya ce mai harbi ya san inda dalmarsa ta tafi tun kafin ta bar bakin bindiga, a kafaɗa ake ji. Ya ce na biyu da na huɗu numfashinsa ya motsa. Ya koma ya ƙarasa zagayensa, har ya ƙara ɗaya saboda ta katse shi. A shekara goma da ya yi da katakon nan, ban taɓa jin ya ba wa kansa biyar ba.

Ga shi kuma da 'ya'ya a Turai waɗanda ba su san da shi ba. Duk manyan 'yan wasan nan "yarana" yake ce musu. Wani abokinsa na masana'anta yakan aiko masa da tsofaffin mujallu, shi kuma ya bi su da ƙamus, ya san wanda ya karye, da wanda ya yi aure hannunsa ya fara rawa, da wanda ya kamata ya yi ritaya amma taurin kai ya hana shi. Wannan na ƙarshen ya fi ba shi haushi, ku ji fa. A 1988 ɗaya daga cikin yaran nasa ya ci zinariya biyu a gasar duniya. Ranar Lahadi da aka kira masu godiya, masu haihuwa suka fito, masu sabon babur suka fito, sai ga Kawu a bayansu yana rawa da doya uku da zakara. Fasto ya miƙa masa makirufo yana murmushi, ya tambaye shi abin da Ubangiji ya yi masa. Kawu ya ce ba shi aka yi wa ba, wani yaronsa ne a Jamus. Minti ashirin yana bayani, har da kwanciya a gaban bagade don ya nuna yadda ake riƙe numfashi. Ni ina cikin mawaƙan coci, na so ƙasa ta tsage in shige. Da Fasto ya samu ya karɓe makirufon, Kawu ya ɗaga murya ya ce a sa bindigarsa a addu'a, tana tsare ba laifin tsaye ba na zaune. Zumuntar mata suka ce amin, don dai a tashi.

Addu'ar ba ta hana shi zirga-zirga ba. Duk Litinin ɗin farkon wata sai ya sa kwat ɗinsa, ya ɗauki 'yar takardar nan da ya naɗe a leda, ya tafi ofishin da aka kai kayan. Yau a ce mai makulli ya tafi jana'iza, gobe a ce fayil yana Kaduna, jibi a ce wanda ya san zancen an yi masa canjin wurin aiki. Da na shiga kwaleji a Gidan Waya ni nake rubuta masa wasiƙun, shi yana faɗa ina rage zafin. Sau ɗaya na raka shi. Wani matashin jami'i, sa'an ɗansa Markus, ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Baba, ka kawo ƙanƙarar tukuna, sai mu ba ka bindigar." Duk ofishin suka kwashe da dariya. Na buɗe baki zan wanke shi tas, Kawu ya taka mini ƙafa, ya yi musu godiya, ya ce sai wata mai zuwa. A hanya na yi ta masifa, shi kuwa abin da ya dame shi kawai ko suna shafa mata mai.

Abin da ba mu faɗa a gabansa shi ne idonsa. Yanar ido ta fara rufe na dama, wanda yake saiti da shi. Ɗigon gawayin bangon bayan gida kullum ƙara girma suke yi, yana cewa ruwan sama ne yake baza su. Baba Dogara ma ya rage tsokana, kuma wannan ya fi komai ƙona wa Kawu rai.

A 1997 aka mayar masa da bindigar. Ba wasiƙunmu ne suka yi aiki ba, rufin ɗakin ajiyar ne ya rufta aka rasa inda za a kai tarkacen. Ta dawo da tsatsa, gara ta ci gindinta. Sati uku yana kanta da kananzir da man keken ɗinki. Sannan ya aika wa Baba Dogara cewa Asabar mai zuwa, a filin makaranta, alkawarin Ista yana nan.

Na roƙe shi ya bari a yi masa aikin ido tukuna. Ya ce dalmar ta gaji da jira.

Filin ya cika, har masu ƙosai sun kafa kasko. Ya zana ɗigo biyar a jikin kwali, aka kafe a taku talatin, aka mayar da jama'a can baya. Ni ya naɗa mai duba kwali, wai na yi makaranta ba zan yi ƙarya ba. Ya zagaya filin sau huɗu da sandunansa, yana ɗan shekara sittin da takwas, ya zo ya kwanta. Ina ganin ƙirjinsa yana ɗagawa yana sauka, sannan ya lafa. Ban taɓa jin Kafanchan ta yi shiru irin na ranar ba. Ya harba biyar, ya ajiye bindigar.

Na ruga wurin kwalin. Huda biyu ne a cikin baƙi, ɗaya a gefe, sauran biyun ko kwalin ba su taɓa ba. Na waiga na ga mutanen nan da suka shekara ashirin suna yi masa dariya, na ga hular nan tasa da ta koɗe. Na cire kwalin, na ninke shi huɗu, na cusa a cikin zani, na ɗaga hannu na ce, "Biyar!"

Filin ya ɗauka. Mata suna guɗa, samari suka nufo shi za su ɗaga shi sama. Ya ɗaga sanda ɗaya, kowa ya tsaya. Ya juyo inda yake jin muryata ya ce, "Rifkatu, biyu ne. Na farko da na uku. Kawo kwalin a nuna wa Dogara."

Kun ga irin mutumin da na zauna da shi? Na saka sunana da karatuna na saya masa abin da ya nema shekara ashirin, ya mayar mini da shi a gaban masu ƙosai. Na ji haushinsa a ranar, kuma har yanzu da saura. Na fito da kwalin ina kuka, rabi kunya rabi takaici.

Baba Dogara ya karɓa, ya kai shi kusa da hancinsa, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya tako har gaban Kawu, ya ɗaga masa hannu, ya tambaye shi yatsu nawa yake gani. Kawu ya ce shi hannun ma bai gani ba sosai.

Tsohon ya juya wurin jama'a ya ce, "Mutum nan bai ganin hannuna a nan, ya samu biyu a can. Ni da ido na biyu ba zan samu ɗaya da wannan abu ba. Wancan biyar na Jamus, ya yi shi. Ni Dogara na faɗa."

Kawu sai ya tambaya ta ina gefen filin yake, don yana da zagaye uku. Numfashinsa ya ƙare. Baba Dogara ya karɓi sanda ɗaya ya jefar, ya kama hannunsa, suka tafi a hankali, tsofaffi biyu, suna gardama a kan ko iska ce ta kwashe na huɗun. Babu wanda ya yi dariya, babu kuma wanda ya tafi gida sai da suka gama.

Bai sake harba ta ba. Ya rasu da damina ta biyu bayan nan, Baba Dogara ya bi shi ba da daɗewa ba.

Kawu, ka yafe mini ƙaryar da na yi maka, ni ma ina ƙoƙarin yafe maka gaskiyar da ka yi mini. Ubangiji ya ba ka hutawa, ya buɗe maka ido tangaran. Ya ta'azantar da Mama Saratu da ta jure ka fiye da kowa. Sai mun sadu a ƙafafun Yesu. Amin.