Ranar da Don Teyo Ya Taka Birki a Hawan La Cuchilla

A garinmu, Santa Rufina, can cikin duwatsun Puerto Rico, mutum bai gama mutuwa ba sai Don Teyo ya faɗa. Likita na iya rufe maka ido, Fada ya shafa maka mai, matarka ta yi ta kururuwa har muryarta ta dushe, amma muddin tsohuwar jif ɗin hukuma mai lasifika biyu a ka ba ta zagaya da sunanka ba, mutane za su ci gaba da aiko maka da gaisuwa.

Eleuterio Pagán ne sunansa na takarda. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana shela: mutuwa, ɗauke ruwan famfo, allurar karnuka, dokin da ya ɓace, bikin waliyyiyar gari. Na yi aiki da masu murya da yawa a gidan rediyo, ban taɓa jin wanda ya kai shi iya aza magana a kan hanya ba. Ya auna kowace unguwa da bakinsa. Yana fara magana a gidan farko, yana rufe baki a gidan ƙarshe, kuma babu wanda zai ce bai ji wane ne, ƙarfe nawa, a ina ba. Ba ya kiran mutum da sunan takarda, don ba wanda ya san shi. Sai dai ka ji, "Pancho Mai Kunne Ɗaya ya riga mu gidan gaskiya."

Abu guda ne ya dame shi a duniya, wato tsibirinmu ya zama cikakkiyar jiha a Amurka, kuma a ganinsa Ingilishi ne mabuɗin. Ingilishin da ya iya kuwa bai wuce kalma shida ba, uku daga ciki ya same su ne a jikin gwangwanin man juye.

Amininsa Fermín Irizarry, wanda kowa ke kira Min, mai shagon aski a bakin dandalin gari, shi kuma 'yancin kai yake so, kuma ko tallan sabulu ya ji da Ingilishi sai ya kashe rediyo. Teyo ne ya tsaya wa 'yar Fermín a wurin baftisma, shi ya sa suke kiran juna kompai. Kowace Asabar Teyo zai zauna a kujerar aski, Fermín ya ɗora masa aska a maƙogwaro, sannan su fara.

"Kompai, ƙasa mai harshe ɗaya gurguwa ce," in ji Teyo. "Ka ga jikokinmu a New York, su buɗe baki nan, su buɗe can."

"Su buɗe baki su ce me? Jikanka ya zo bara, ya kasa tambayar kakarsa inda ban ɗaki yake."

"Ai shi ya sa na ce biyu!"

"To faɗa mini 'ina kwana' da ɗayan."

"Ba na magana da aska a wuyana."

"Minti ashirin ke nan kana magana da aska a wuyanka, tsohon banza."

A 1991 aka yi doka cewa Sifaniyanci kaɗai ne harshen hukuma. Fermín ya rufe shago, ya kwana biyu yana shan giyar rake yana rungumar duk wanda ya wuce. Ba a cika shekara biyu ba gwamnati ta canja, aka dawo da Ingilishi kusa da Sifaniyanci. Ranar Teyo ya zagaya dandali sau tara yana danna oda. A sauran garuruwa dokar ba ta taɓa ko farantin shinkafa da wake na kowa ba, kowa ya ci gaba da zagin maƙwabcinsa da harshen da ya saba. Mu dai Allah ya haɗa mu da magajin gari mai himma.

Wilfredo Colón sunansa, yaron da Teyo ya yi shelar haihuwarsa. Ya fitar da takarda mai hatimi cewa duk shelar hukuma a yi ta da harshe biyu, Sifaniyanci a gaba, Ingilishi a bayansa nan take, ba tsallake. Da yake Teyo kalma shida gare shi, sai aka ɗora aikin a kan sakatariya, Ivelisse, wadda ta taɓa yin wata takwas a New Jersey wajen innarta. Kowace safiya ta karanta na Ingilishin a kaset, Teyo ya faɗi nasa da baki, ya danna kaset. Har furanni ya sayo ya ɗaura wa lasifikar.

Magana ta ninka, hanya kuwa ba ta ƙaru da taku ɗaya ba. A unguwannin ƙasa da sauƙi, sai ya tsaya a inuwa har kaset ya gama. Matsalar tana hawan dutse. Hanya ɗaya ce, a tsaye kamar tsani, da unguwa biyu a jikinta: Los Pagán a ƙasa, La Cuchilla a sama. Jif ɗin ba ta da birkin da za a dogara da shi, kuma in ta tsaya a hawa ba ta sake tashi. Dole ya wuce da gudu ɗaya, unguwa ɗaya ta sami Sifaniyanci, ɗaya ta sami Ivelisse.

A Los Pagán dangin Teyo suke, har da surukarsa. A La Cuchilla dangin Fermín suke, masu tsinkar kofi, waɗanda ba su taɓa jefa wa jam'iyyar Teyo ƙuri'a ko da kuskure ba. Teyo ya yi dogon nazari na kusan daƙiƙa biyu, ya gano cewa mutanen La Cuchilla ne suka fi bukatar ilimi.

Wata tara suna samun ilimi. Aka ɗauke ruwa kwana huɗu ba su tara ko guga ba. Wata tsohuwa, Doña Provi, ta tsinci sunan ɗan'uwanta a cikin Ingilishin, ta ɗauka mutuwa ce, ta sa baƙaƙen kaya ta gangaro gari tana kuka, ta tarar da shi a ƙofar gida yana rungume da alade da ya ci a cacar coci. Bayan wannan sai mutanen La Cuchilla suka daina ɗaga kai in jif ta wuce. Da aka binne Don Cheo mai gasa burodi, ko mutum ɗaya bai sauko ba.

"Ka mayar da 'yan'uwana kurame," in ji Fermín a wata Asabar.

"Su koya mana. Kyauta ake kai musu har ƙofar gida."

"Kai me ka koya a wata tara? Kana zaune kusa da kaset ɗin kullum."

"Ni ina tuƙi."

Wata Talata cikin Oktoba, ana tsakiyar tsinkar kofi, Fermín ya faɗi a shagonsa da almakashi a hannu, bai sake tashi ba. Washegari da safe matarsa, Doña Monse, ta sami Teyo a harabar hukuma yana zuba wa jif ruwa. Idonsa ya kumbura, ya ce ƙura ce.

"Kompai Teyo, ƙarfe huɗu na yamma za a binne shi," ta ce. "'Yan'uwansa duk suna gona a sama, ba waya, ba wanda zan aika. Ka san halin mijina. Ya sha faɗa mini, in aka kira sunansa da Ingilishi zai tashi daga akwatin ya shaƙe ka."

"Da ya tashi ai da na gode Allah."

"Ba wasa na zo ba. In aka sa shi a rami ba ɗan'uwansa ko ɗaya, ni da kai har abada."

Ba ta gama fita ba sai ga magajin gari, da Ivelisse a bayansa riƙe da kaset. Shekara goma Fermín yana kiransa "ɗan aiken Amurka" a gaban masu jiran aski, saboda haka fuskar Wilfredo cike take da irin jimamin da ke sa mutum taune leɓe don kada ya yi murmushi.

"Babban rashi, Don Teyo, babban rashi. Mutum irin wannan ya cancanci cikakkiyar girmamawar hukuma. Harshe biyu, ko'ina. Ivelisse za ta raka ka, ta danna da hannunta."

"Wilfredo, yau ɗaya dai..."

"Doka ba ta san yau ɗaya ba. Kai ka koya mana haka. In ka gaji da makirfo, akwai masu so."

Suka tafi. A unguwannin ƙasa Teyo ya faɗi nasa, Ivelisse ta danna nata, ya kafa ido a sitiyari, sai dai kowane "Mister Irizarry" da ya fito daga lasifika sai ya ƙanƙance a kujera. Suka kama hawa. A Los Pagán ya yi Sifaniyanci kamar kullum, surukarsa ta ɗaga masa hannu daga baranda. Gidan farko na La Cuchilla ya bayyana, ƙofofi a rufe, kowa yana gona. Ivelisse ta miƙa yatsa.

Teyo ya taka birki.

Jif ta yi tari, injin ya mutu, ta fara silalewa da baya a hankali kamar mai neman izini.

"Dutse, 'yata! Sauka ki sa dutse!"

"Don Teyo, da wannan takalmin mai tsini?"

"Da shi za a binne ki in ba ki sauka ba!"

Ta dira, ta ciccibo dutse ta cusa a bayan taya, ta ƙara wani, tana kiran Budurwa Maryamu da Sifaniyanci tsantsa, ko ɗigon New Jersey babu. Jif ta tsaya. Batir yana da sauran rai. Teyo ya zare kaset ya sa a aljihun rigarsa, ya ɗauki makirfo.

"Jama'ar La Cuchilla! Ku ajiye kwanduna! Ni ne Teyo, ba yarinyar ba ce! Min Mai Aski ya rasu. Min ɗan Doña Chana, ƙanin Goyo, wanda ya yi muku aski shekara arba'in yana yanke muku kunne. Yau ƙarfe huɗu a coci, daga nan maƙabarta. Provi, wannan karon da gaske ne, sa baƙaƙen kayanki. Goyo, na san kana jina, fito!"

Ba wanda ya leƙo. Ya sake faɗa. Ya sake. A karo na biyar muryar ta karye masa a tsakiyar sunan, abin da bai taɓa faruwa ba a shekara talatin da ɗaya, kuma ina jin wannan ne ya fito da su. Ganyen kofi ya fara motsi. Goyo ya fara bayyana da kwando ɗaure a ƙugu, ya tsaya a gaban jif yana kallon Teyo.

"Ashe ka iya maganar mutane," ya ce.

"Je ka wanke hannu, ƙaninka na jira."

Jif ta ƙi tashi, kamar yadda kowa ya sani. A ƙasa suka gangaro, mutum sittin da wani abu, tafiyar awa biyu da rabi, Ivelisse ba takalmi, Doña Provi ta riƙe mata hannu tana ba ta labarin aladen. Ina tsaye a ƙofar coci da suka kwararo cikin dandali, jar ƙasar gona har gwiwa, Teyo a gaba yana ɗingishi. Doña Monse ta dube su, ta dube shi, ta matsa ta ba shi wuri a kujerar gaba. Shi da Goyo suka kama akwatin ta wajen kai.

Magajin gari ya yi haƙuri har aka gama zuba ƙasa, wannan kam sai a yaba masa. A bakin ƙofar maƙabarta ya tare shi.

"Ivelisse ta faɗa mini komai."

"Yarinyar kirki ce. A saya mata takalmi."

"Ka karya dokar da kai ka fi kowa yi mata ihu, Don Teyo. Ko ka koma wajen masu son 'yancin kai ne?"

"Ni? Allah ya kiyaye. Harshe biyu shi ne daidai, gobe ma shi zan zaɓa. Kompai bai san komai ba a siyasa, ya mutu bai sani ba. Amma ka ga mutanen can? Ba a binne shi shi kaɗai kamar kare ba."

Wilfredo ya miƙa tafin hannu. Teyo ya daɗe yana laluben aljihu. Ya fito da kaset ya ɗora, ya fito da makulli ya ɗora a kai, ya riƙe shi da yatsa biyu na ɗan lokaci kafin ya saki. Daga ranar bai sake riƙe makirfo ba.

"Ina motar?" in ji magajin gari.

"Tana can La Cuchilla, yallaɓai, a kan duwatsu biyu. Wanda za ka aika ya sauko da ita, ka ce masa ya fara neman gafarar Ubangiji tukuna, da duk harshen da ya ga dama."