Faifan da na dangwala wa lalle

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar maigidana, Allah ya jiƙansa. Ni ban yi boko ba, ba na karatu, ba na rubutu. Ina faɗa ne, 'yata Jummai tana rubutawa, kuma na ce mata in kuka ya zo mini ta ajiye biro ta jira ni. Sunansa ba zan kama ba, don ban taɓa kamawa ba yana raye. Dattawan unguwarmu Kumbiya-Kumbiya sun san shi, Malam na tashar jirgi, mai garmaho.

Ya yi shekaru masu yawa yana aiki a tashar jirgin ƙasa ta Gombe, zamanin da jirgi ke zuwa ana loda auduga da gyaɗa. Direbobin da ke tahowa daga kudu su ne ke kawo masa faifan garmaho, yau ɗaya, bayan wata uku biyu. Wasu mazan, shanu suka tara, wasu filaye. Nawa faya-fayai ya tara, na wani kiɗa da ake kira jaz, har suka cika akwatin katako biyu.

Da fari ban ga abin so a ciki ba. Yawancinsu babu waƙa, ba a yabon kowa, ba a yi wa kowa zambo. Wata rana na ce masa, "Malam, waɗannan Turawan naka ba sa shiryawa ne kafin su fara? Kowa na busa abin da ya ga dama."

Ya yi dariya har sai da ya cire hula. Ya ce, "Ba Turawa ba ne, Asabe. Baƙaƙe ne irinmu, daga nan aka kwashi kakanninsu. Hira suke yi. Wannan ya faɗi tasa, wancan ya amsa masa. Ke dai ki zauna ki ji."

Kowace Asabar bayan la'asar yakan fito da garmaho gindin dogon yaron da ke tsakar gidanmu. Amininsa Malam Dauda, malamin makaranta mutumin Kaltungo, yakan zo a kan kekensa. Malam yana da dokoki. Sai an wanke hannu. Ba a kama faifai sai ta baki-baki. Akwai wani tsohon rawani da ya yanka don goge su, wanda ko majina yara ba su isa su share da shi ba. Kuma in allura ta sauka a kan faifai, ba mai magana sai ta tashi. Ni ina gefe ina tsintar shinkafa, ina yi musu kallon waɗanda ba su da aikin yi.

A shekarar da ƙyanda ta ɗauke mana ɗanmu na biyu na daina magana. Ina dafa abinci, ina sallah, amma bakina ya mutu. Malam bai iya rarrashi da baki ba. Wata Asabar, ba Malam Dauda, ya fito da garmaho ya sa wani faifai. Mai busa guda ne, yana tafiya a hankali, ya yi sama kamar zai fashe da kuka sai ya fasa, ya dawo ƙasa. A bayansa wani yana kaɗa tsirkiya mai kauri, dum, dum, kamar takun mutum a soro. Ban san lokacin da na ajiye tire ba. Ranar na yi kukan da na kasa yi wata biyu.

Da ya ƙare na ce ya sake. Ya sake. Ranar akwai ɗanyen lalle a hannuna da maƙwabciya ta matsa ta sa mini. Ya miƙo mini kwalin faifan ya ce, "Dangwala nan." Na dangwala babban yatsa. Ya ce, "To, wannan naki ne. Duk ran da kike so, ki nemo mai lalle." Ya faɗa mini sunan mai busar, ya fi sau goma a tsawon zamanmu. Ban riƙe ba. Me zan yi da suna, ga lalle, ga mai gida?

Yanzu zan faɗi abin da na ɓoye wa 'ya'yana shekara goma sha ɗaya.

Daminar da ta biyo bayan rasuwarsa kwanon ɗakinsa ya yi yoyo. Da na buɗe akwatunan na tarar kwalayen sun jiƙe, sun fara fumfuna. Ni abin da na sani, duk abin da ya jiƙe rana ce maganinsa, ko zane ne, ko barkono, ko dawa. Na wanke hannu kamar yadda ya koya mini. Na zare kowane faifai daga kwalinsa, ina kamawa ta baki-baki. Na shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, na jera faya-fayai gefe guda, kwalaye gefe guda, na tafi gidan suna a bayan layinmu. Ban dawo ba sai bayan azahar.

Sun lanƙwashe. Wasu sun tashi kamar tasa, wasu sun yi tudu da kwari. Waɗanda inuwar dogon yaro ta rufe ne kaɗai suka tsira. Malam ya hana ni abubuwa da yawa game da kayan nan, amma bai taɓa ce mini kada in shanya su ba, don bai taɓa zaton wani zai yi ba. Na zauna a ƙasa na ɗora hannu a ka. Sannan na tattara su da sauri kafin wani ya shigo, ina cusa kowanne a kwalin da hannuna ya kai. Sai da na rufe akwati na tuna: lallen a jikin kwali yake, ba a jikin faifai ba.

Nakan zauna in ce, da Malam zai leƙo Gombe yau, me zai ce? Tashar da ya ba ƙuruciyarsa ta yi tsit. Unguwar Arawa, inda Jummai ke aure, da can nesa muke ganinta, yanzu shaguna ne da makarantu, keke mai ƙafa uku na ta hon. Jikokina kowa ya toshe kunne da wata igiya, yana kaɗa kai shi kaɗai, kafin waƙa ta kai rabi ya danna wata. Ina jin zai yi murna da jin cewa duk kiɗan duniya na cikin waya. Amma zai tambaya, to da wa ake ji?

Bana kunnena ya fara nauyi. Na hagu ya riga ya tafi, na dama yana bin sa. Abin da ya sa na buɗe baki ke nan. Na kira Jummai na faɗa mata komai, na ce ina so in ƙara jin faifan nan kafin a rufe mini ƙofar gaba ɗaya.

Ta ce, "Haba Dada, ai da sauƙi. Faɗi sunansa in nemo miki a waya."

Na ce, "Da na san sunan, zan zauna shekara goma sha ɗaya ina kallon akwati?"

Ta duba kwali mai lalle don ta karanta sunan, amma ruwa ya cinye rubutun, bai bar komai ba sai yatsana. Garmahon Malam kuwa ya daɗe da mutuwa. Sai muka ɗauki akwatunan muka nufi Manawashi, gidan Malam Dauda. Ya tsufa, yana dogara sanda, amma garmahonsa na aiki. Da ya ɗaga faifai na farko ya ga yadda ya karkace, ya dube ni ta saman tabarau.

"Hajiya, wa ya soya waɗannan?"

"Ni ce. Shanya na yi."

Ya fashe da dariya har da hawaye. "Shanya! Wayyo abokina. Da yana nan da sai ya yi mako bai ci tuwonki ba, sannan ya dawo ya ce a ƙara masa miya."

Asabar uku muna zuwa bayan la'asar. Muka bi duk waɗanda suka tsira, ɗaya bayan ɗaya, ina kara kunnen dama. Babu shi. A ta uku na ce a bari, hukuncina ke nan. Malam Dauda ya ce, "Ba a gama ba, saura soyayyun." Ya ɗauko tsohon kwabo mai huji ya ɗora a kan allura don ta yi nauyi, kada ta yi tsalle. Na huɗu da ya sa, allura na hawa tana sauka kamar kwalekwale, sai na ji dum, dum. Sai mai busar ya shigo. Muryarsa na rawa yanzu, kamar tawa.

Jummai ta buɗe baki za ta tambaye ni ko shi ne. Na ɗaga mata hannu. Malam Dauda ma ya ɗaga nasa. Ba wanda ya yi magana sai da allura ta tashi.

Ta karanta sunan a tsakiyar faifan, ta samo shi a waya, tas, ba rawar murya. Na gode mata, nakan ji. Amma na ce ta kwaɓa mini lalle, na dangwala yatsa a kan takardar da ke tsakiyar faifan kansa, inda ba za a sake rabawa ba.

Malam bai bar mana gidan sama ba, kayan da ya fi so kuwa ni na ɓata rabinsu da hannuna. Abin da ya rage mini daga gare shi shi ne na iya zama in saurari abu har ya ƙare, ko kiɗa ne, ko jikata ce ta zo da damuwarta. Masu karatu, in kun yi sallah ku sa shi a addu'a. Allah ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa, ni ma ya yafe mini shanyar nan. Asabar mai zuwa, in da rai, Jummai za ta kai ni Manawashi. Kunnen dama yana nan tukuna.