Saƙon Inna Tumba Ya Tsaya a Bakin Igiya

Shekara talatin da biyar ke nan da rasuwar kakata, Inna Tumba ta Bilbis, amma duk sanda na rufe ido tsagar fuskarta nake fara gani. Ina ƙarama na hau cinyarta, na bi layukan da yatsa, na tambaye ta wa ya ji mata ciwo. Ta yi dariya ta ce, "Takwara, wannan takardar tahiyata ce. Da ita na shiga ƙasar Faransi, ba wanda ya tare ni."

Sai da na zama budurwa, ina ɓoye littattafan soyayya a ƙarƙashin katifa, ta ba ni labarin. Lokacin da Turawa ke shimfiɗa hanyar jirgi zuwa Gusau, ana kama samari a kai su aikin diga. Saurayinta Na'Allah ya tsere arewa, ya haye iyaka. Damina ta wuce bai dawo ba. Sai ta lallashi kawunta bafatake, ta bi ayarinsu a ƙafa da ƙunshin daddawa a ka. Iyakar da ake ta faɗi, in ji ta, wani ƙarfe ne kafe a cikin saura, jakuna na susa da shi. Kowane gari suka sauka, sai ta nemi gidan mai tsaga irin tata, ta yi sallama, ta faɗi garinsu da sunan uwarta, ta ɓallo daddawa ta ajiye. A ba ta ruwa da tabarma, a kwatanta musu hanyar gobe. Haka har ƙauyen da Na'Allah yake noma, inda kawun ya tsaya aka ɗaura musu aure.

Shekara huɗu suka samu, zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya ce ta koma gida da ɗansu, wato babana, in ta isa ta aiko a faɗa a kan kabarinsa. Aka binne shi ƙarƙashin wani gawo. Ta dawo, hidimar duniya ta ja ta, saƙon bai tafi ba. A jinyarta ta ƙarshe ta damƙe hannuna ta ce, "Ki tahi ki hwaɗa mishi na iso."

Bara na gani a waya cewa babu biza tsakaninmu da maƙwabtanmu na arewa. Raina ya yi fari. Na ɗauka hanyar Inna ce aka sake buɗewa. Na ƙulle daddawa na shiga mota daga Gusau, ko waiwayar katin shaidata ban yi ba.

A igiya ta ƙarshe da aka gitta wa hanya a bakin iyaka, wani mai kaki, sa'an ɗana, ya leƙo.

"Hajiya, takardu."

"Ai an ce babu biza, ɗana."

"Babu biza, amma akwai kati. Ina na shaida? Ina na rigakafi?"

Na ce masa daga Bilbis nake, jikar Tumba, kakana na kwance a can gaba. Na kwance ƙullina na miƙa. Ya toshe hanci ya ƙwala wa abokin aikinsa kira: "Zo ka ga fasfo mai wari!"

Rashin kati laifina ne, na yarda. Duk mai niyyar ƙetarewa ya riƙe katunansa biyu, kada ya yi irin wautata. Abin da har yau yake ƙona mini rai daban ne. Maza uku a motarmu su ma ba su da ko ƙyallen takarda. Suka zaga bayan rumfa, aka yi musabaha mai nauyi, suka dawo suna murmushi. Yaron ya yi mini nuni da haɓa in bi sahunsu. Na dubi rumfar na kau da kai. Saƙon Inna ba zai bi ta bayan rumfa ba. Na sauke jakata, aka saki igiya, mota ta wuce ta bar ni.

Da Inna na raye, me za ta ce? A zamanin da ake kama mutum a kai shi fasa dutse, baƙo yana da gida a ko'ina. Yau an rubuta mana 'yancin tafiya a takarda, sannan an ɗaure shi da igiyar ɗaure akuya. Ina jin tofar da yawu za ta yi, ta ce a ba yaron nan ruwa, bai san gidansu ba.

Kafin motar ta tashi na faɗa wa direba, Malam Isuhu, sunan ƙauyen da saƙon. Bayan sati uku ya kira ni. Ya ce gawon ya daɗe da faɗuwa, amma kowa a garin ya san kabarin Bazamfare. Har yau mai gonar yana karkatar da garma in ya iso wurin. Ba wanda ya taɓa tambayar Na'Allah takarda.

Malam Isuhu ya ce ya tsaya a bakin kabarin ya yi addu'a, sannan ya ɗaga murya ya ce, "Tumba ta isa lafiya."

Wani tsoho da ya raka shi ya girgiza kai ya ce, "Sai yanzu?"