Jinin da Ba na Tsargiya Ba

Muna yara a Zango, idan yaro ya yi wanka a kududdufi ya fara fitsarin jini, dariya ake yi a ce tsargiya ce, ya kama hanyar girma. Yanzu kuwa akwai na'urar da ke leƙa cikin mutum ba tare da an tsaga shi ba. Ƙanena Habu, manomin gyaɗa, da tsohon sanin ya zauna: tun damina yake ganin jini, yana shan maganin tsargiya, yana ramewa.

Zango zuwa Daura

Mun fito bayan sallar asuba a kan babura. A wani asibiti a Daura aka auna fitsarinsa, aka goga masa na'ura a kwiɓi. Likita ta ce babu ƙwan tsargiya ko ɗaya, amma akwai ƙari a ƙodar dama, tana zargin ciwon daji. Ta ce mu wuce Kano.

Hanyar Kano

A shingen 'yan sanda na Kazaure direban motar da muka shiga ya nuna musu Habu ba lafiya, aka ɗaga mana hannu. Da direban ya ji sunan cutar sai ya tambaya wane daji Habu ya shiga. Na ce na zauna da Larabawa da Faransawa, su da ƙaguwa suke kwatanta ta, mu muka kai ta daji. Ya ce gara ƙaguwa, ita ko ba komai ana ganinta.

Kano

Mun sauka gidan wani ɗan Daura mai sayar da yadi, ya tarbe mu da tuwon dawa. Washegari a asibiti aka ɗauki hoton cikin Habu, aka kuma ce a ɗauki ƙirji.

"Yaya, ƙoda ce ke ciwo, me ya kai su ƙirji?"

Ni ma na so in sani. Likitan Kano ya ce ƙarin yakan fara a 'yan siraran bututun da ke tace fitsari, kuma idan ya girma yakan bi jijiyar jini ya sauka a huhu ko ƙashi. In bai tafi ba, a cire ƙodar. In ya tafi, magani ya zama na lallaɓawa. Habu bai ci abincin kirki ba har sakamako ya fito.

"Baba, bai bar gida ba," in ji likitan. "Huhunka fes."

Bayan tiyata na roƙa aka nuna mini ƙarin a madubin ɗakin bincike. Sun yanka shi ya fi ɓawon albasa siranta, sun rina shi. Kamar kumfar sabulu na gani. Naman da ke kewaye da shi kuwa lafiya lau.

Komawa

Mun iso Zango da la'asar, mata suna ta barka. Godiya ga Allah, da mai masaukinmu, da likitar Daura da ba ta tsaya kan maganarmu ba. Habu yanzu da ƙoda ɗaya yake noma, kuma komawa Kano a duba shi ta zame masa dole muddin ransa.