Raƙumin Wa Ya Ci Geron?

Jiya a kasuwar Tanut na ga raƙumi ya zura wuya cikin damin geron wani. Tun daga nan na kasa zama wuri ɗaya, baffana marigayi nake ta tunawa.

Wata rana a Gangara, muna ɓarar gyaɗa a inuwar aduwa, ya ja layi uku a rairayi da yatsa.

"To, ɗan lekol, raƙumin ɗayan mutum uku ya ci gero. Idi ya ce ba nasa ba ne. Musa ya ce na Sani ne. Sani ya ce Musa ƙarya yake. Ɗaya kaɗai ya faɗi gaskiya. Na wa ne?"

Ni da na sha karatun boko a lekol ɗin Damagaram, ban ko numfasa ba. "Na Sani ne, Baffa. Shi aka ambata."

"Allah ya tsare mu da ranar da za ka zama alƙali." Ya share layukan da tafin hannu. "Ka dawo in ka gane."

A motar komawa na gane. Musa da Sani sun ƙaryata juna, dole mai gaskiyar yana cikinsu. Ke nan Idi ya yi ƙarya, raƙuminsa ne. Na ce sai Salla in faɗa masa. Bai kai Salla ba.

Har yau amsar tana bakina. Ya Allah, ka sauƙaƙa masa tambayar kabari, ya amsa daidai tun karon farko, ba kamar ɗan lekol ɗinsa ba.