Filin da Kwamiti Ya Gani da Ƙarfe Sha Ɗaya

A sakatariyar ƙaramar hukuma babu mai kiransa da sunansa. Baba Sannu ake ce masa, domin tun ranar da aka damƙa masa makullin farar bas ta sashen tsara gari, allurar gudu ba ta taɓa haura sittin ba. Kansiloli su yi ta mita daga baya.

"Baba, wai jana'iza za ka kai mu ne?"

"Ranka ya daɗe, ita nake guje mana."

Iyakar maganarsa ke nan a bakin aiki. Shekara ashirin da bakwai yana riƙe da sitiyari, ya ɗauki ciyamomi bakwai, ya ji abin da ya ji a cikin motar nan, bai taɓa fita da ko kalma ɗaya ba. Kafin nan tifar yashi yake ja, ƙugunsa ya ƙi, wani kawunsa ya nema masa wannan aiki. Kullum in an taɓo zancen sai ya ce Allah ya jiƙan kawu. Da aikin nan ya gina ɗaki biyu da falo, da shi ya aurar da tagwayen 'ya'yansa mata, kowacce tana wani gari da mijinta.

Fitar kwamitin duba filaye tana da tsarinta, kuma Baba Sannu ya haddace shi. A ce ƙarfe tara za a tashi. Sai a jira takardar shan mai. Sai a jira kansilan da ya tsaya gaisawa a bakin ƙofa. Sai sakatare ya koma sama ɗauko fom ɗin da ya manta a kan tebur. Ba a isa fili sai sha ɗaya, rana ta take. Yawanci ba a ma sauka. A zuge gilashi, a leƙa hagu a leƙa dama, wani ya ce an gani, sakatare ya ɗora fom a cinya ya cike. Baba Sannu bai taɓa ganin aibin haka ba, tun da ba a tambaye shi ba.

A gida kuwa akwai matarsa, uwar 'yan biyu. Tela ce, mai kaifin almakashi da kaifin baki. Shekara biyu da suka wuce ta zame daga kan kujerar keken ɗinki, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Bayan an sallame su, mai gashin ƙashi a asibiti ya ce magani ɗaya ya rage, tafiya ce, kullum, a wuri shimfiɗaɗɗe.

To ina wurin? Layinsu lambatu ne buɗe a gefe guda, babura a ɗaya gefen. Ranar da suka fara gwadawa, wani mai babur ya gogi sandarta, saura ƙiris ta afka cikin lambatu. Kwana tara ta ƙi ko leƙa ƙofa. Sai Baba Sannu ya tuna da filin da ke bayan tsohon sito, nan kusa da su, fili sumul mai jar ƙasa, da wata babbar bishiya a gefen titi. Tun daga lokacin, kullum in gari ya waye yana riƙe da gwiwar hannunta suna takawa, in ta gaji su zauna a saiwar bishiyar. Da farko taku goma take yi ta tsaya tana haki. Yanzu tana zagaye filin sau ɗaya da rabi, ƙafar tana ja amma tana tafiya.

Wata Litinin kwamiti ya cika bas, sakatare ya ce, "Bayan tsohon sito, Baba."

Ya tuƙa su. A hanya ya ji abin da ake shiryawa: shaguna tamanin da wurin ajiye motoci, domin a kwashe masu kasa kaya da suka cinye bakin titi. Suka isa sha ɗaya da kwata. Filin fayau, sai awaki biyu da wata leda da iska take wasa da ita.

"Kun gani ko?" in ji wani kansila mai ƙaton agogo. "Fili yana zaune yana hamma."

Sakatare ya karanta layin da ke kan fom. "Amfanin da ake yi da wurin a halin yanzu." Ya ɗaga kai. "In sa babu?"

"Sa babu."

Baba Sannu yana ganin sawun sandar matarsa a ƙasa, ga shi nan kusa da tayar gaba, ƙananan ramuka a jere. Ya sa giya ya mayar da su ofis.

Da yamma uwar 'yan biyu ta dube shi sau ɗaya ta ce, "Malam, wa ya mutu?" Harshenta yana ɗan nauyi tun ciwon, amma bai rage komai ba.

Ya gaya mata. Ta shiga murza yatsun hannun da ba ya motsi da na ɗaya hannun.

"Kai kuma me ka ce?"

"Me zan ce? Ni direba ne."

"Au, direba ba shi da baki? A gidan nan kam kana da shi. Jiya kaɗai sau uku ka yi mini wa'azi a kan gishiri."

"Wannan daban."

"To shi ke nan. Ka samo mini kujera mai taya tun da wuri, kada ta yi tsada." Ta juya fuskarta bango. Ya san ba wasa take ba. Ya san in filin ya tafi, ba za ta ƙara taka layin nan ba, ƙafar kuma za ta koma inda ta fito.

Shugabar sashen sabuwa ce, wata takwas da zuwanta. Injiniya suke ce mata. Ba za ta girmi tagwayensa da yawa ba. Mace ce marar son surutu, kullum da naɗaɗɗiyar taswira a hammata. Washegari ya ɗauke ta ita kaɗai zuwa duba wata kwalbati. Sai da suka wuce shatale-tale biyu yana gyara murya kafin ya iya dubanta ta madubi.

"Ranki ya daɗe, in yi magana?"

Ta ɗago daga fayil da mamaki. "Baba, ashe kana yi?"

"Filin jiya. Akwai mutane a cikinsa."

"Mun je ai. Ina cikin motar. Na kuma duba hoton da aka ɗauka daga sama, babu ko rumfa."

"Hoton ma da rana aka ɗauke shi, ranki ya daɗe. Mu ma da rana muke zuwa. Shekara ashirin da bakwai ina kai kwamiti, ban taɓa kai su wani fili kafin ƙarfe goma ba. Ko gidana kika zo a lokacin, za ki rubuta babu kowa, sai mace ɗaya a kwance."

Ta rufe fayil ɗin. "Ka san masu kasa kayan nan? Watan jiya mota ta taka wata a bakin titin. Dole a samar musu wuri. Alhamis zan miƙa rahoto."

"Ban ce kada a ba su ba. Safiya ɗaya nake roƙo ki ara mini. Shida da rabi."

"Kana da shago a rai ne, ko wani ya aiko ka?"

Abin ya sosa masa rai, amma ya haɗiye. "Matata ce take koyon tafiya a wurin."

Ba ta ce za ta zo ba, ba ta ce ba za ta zo ba. Ta koma kan fayil ɗinta.

Laraba da safe suna zagaye na farko, shi idonsa yana kan titi, har uwar 'yan biyu ta ce, "In ka kayar da ni saboda kallon hanya, sai na gaya wa 'ya'yanka." Bakwai saura kwata wata ƙaramar mota ta tsaya a gindin bishiya. Injiniya ta fito da takalmin roba, babu taswira.

Ta tsaya cak. Filin da ta gani fayau shekaranjiya ya cika. Wani tsohon hedimasta mai ciwon suga yana tafe yana wurga hannuwa kamar soja, abokansa uku suna biye suna gardamar labaran rediyo. Mata huɗu masu hawan jini sun jeru suna sauri suna hira. Can gefe wani mai tufkar igiya ya kafa turakunsa, ya miƙe zare tsawon filin kafin rana ta yi zafi. Samari suna buga ƙwallo a ɗaya kusurwar, da duwatsu a matsayin raga. Ma'aikatan asibiti da 'yan makaranta suna ratsawa ta tsakiya, sun fitar da hanya fara tas da ƙafafunsu.

Hedimasta ne ya fara zuwa. "'Yata, ke ce sabuwar mai ciwon? Suga ko jini? Shigo layi, ba ma karɓar kuɗin rajista."

"Daga ofis take," in ji Baba Sannu da sauri.

"Af! To ofis ma ai ciwo ne."

Injiniya ta yi dariya, karo na farko da Baba Sannu ya ga haƙoranta. Ta ciro ƙaramin littafi ta fara tambaya. Mai igiya ya ce shekararsa goma sha tara a nan, in ba fili mai tsawo ba igiya ba ta tufkuwa. Ɗaya daga cikin matan ta ce da yamma ma wurin ya fi haka cika. Sannan Injiniya ta iso gaban uwar 'yan biyu ta rusuna.

"Ina kwana, Mama. Ya jiki?"

"Jiki ga shi kina gani. Ke ce mai cewa babu kowa?"

"Mama, fom ne ya ce."

"To ki gaya wa fom ɗin ya zo ya riƙe mini hannu." Ta miƙa mata gwiwar hannunta. "Malam, matsa. Kullum kai, na gaji da warin fetur."

Haka Injiniya ta yi rabin zagaye tana riƙe da ita, a hankali, tana jin yadda nauyin matar yake saukowa a kanta duk lokacin da ƙafar dama ta ja. Baba Sannu yana bayansu, hannuwansa ba su san inda za su zauna ba.

Ranar Alhamis aka shiga taro. Direba ba ya shiga taro. Ya zauna a cikin bas ya goge gilashin da ba shi da datti, ya duba man birki sau biyu. Ta tagar bene yana jiyo murya tana tashi tana sauka. Wajen ƙarfe biyu kansila mai ƙaton agogo ya sauko yana share gumi, ya jingina da ƙofar bas.

"Baba Sannu! Shekara nawa muna ɗauka kurma ne kai? Ashe lauya muke ɗauke da shi."

"Tuba nake, ranka ya daɗe."

"Tuban me? Yayata ma a filin take tafiya, sai yau nake ji. Ta ce in na sa hannu kada in ƙara taka gidanta." Ya girgiza kai. "Ga abin da aka yanke: shago ashirin da huɗu a jere ta bakin titi, sauran a nemo musu wuri a tsohuwar tasha. Ragowar filin an rubuta shi na jama'a, ba gini. Injiniyar taku kuma ta ƙara mana aiki, wai daga yau kowane fili sai an je shi sau biyu, safe da yamma. Kai za ka sha tashin sassafe, ba ni ba."

Sai da aka yi wata biyu kafin majalisa ta sa hannu. Ba duka aka samu ba. Layin shagunan ya bi ta kan bishiyar, aka sare ta, uwar 'yan biyu ta yi kwana uku tana faɗa a kan haka. Baba Sannu ya samo benci ya ajiye a inuwar bangon sito. Da safiyo mai awon filaye ya zo kafa turakun siminti a iyakar filin, hedimasta da tawagarsa suka bi shi turke bayan turke suna duba masa aiki, har ya roƙe su su bar shi ya numfasa.

Ranar da takardar ta fito, uwar 'yan biyu ta sa aka ciro mata mayafinta na fita.

"Kai ni ofishinku."

"Ki yi me?"

"In yi godiya. Kai na san ka, sai dai ka tsaya kana sosa ƙeya."

Ofishin Injiniya a sama yake. Da suka iso gindin matakala ya ce ta zauna a benci ya je ya kira ta.

"Ita ta zo inda nake. Ni ma zan je inda take."

Ta kama ƙarfen gefe da hannun hagu, ta ɗora ƙafa mai lafiya, ta jawo ɗayar. Masinja ya tsaya da tire a hannu. Sakatare ya leƙo daga sama, ya juya da gudu. Tana kan mataki na shida, gumi yana bin wuyanta, Injiniya ta sauko da sauri har takardu suna zubewa daga hannunta.

"Mama! Don Allah me ya sa ba a kira ni ba?"

"Saura nawa?"

"Takwas."

Uwar 'yan biyu ta ɗaga kai ta dubi sauran, ta sauke numfashi. "To a bar su sai baɗi. Zauna nan, 'yata, in yi miki addu'a."

Suka zauna a kan matakalar su biyu, suka tare hanya. Masu hawa da masu sauka suka tsaya suna jira. Baba Sannu yana ƙasa riƙe da sandarta, yana amsawa da amin.