Tayar Malam a Rabin Duro

Aji huɗu na yi a firamare, aka ce kaina ba ya ja, na bar musu abinsu. Faci na iya, shi ya kai ni Madina, wani shagon gyaran taya a Ƙurban, banshar suke ce masa. Mai shagon, wanda shi ne kafilina, wato mai tsaya mini a ƙasar, wani tsohon Bahijaze ne mai ciwon gwiwa. Ba ya yabo, amma shayinsa ba ya yankewa, kuma bai taɓa hana ni hutun Juma'a ba.

Lokacin tayoyi marasa tif sun fara yawa. Wani malami ɗan Kano da ke koyarwa a jami'a ya sayi mota ta hannu mai rim ɗin alminiyam. Tayar baya ta hagu ba ta fashewa, sacewa take a hankali, kwana uku ta kwanta. Sau uku yana kawo ta. Na canja bawul, na goge bakin rim, na yi ta juya ta cikin rabin duron ruwan da muke gwaji, ban ga kumfa ko ɗaya ba.

A zuwa na huɗu ya tsaya can nesa, kada maiƙo ya taɓa masa jallabiya.

"Malam mai faci," in ji shi, "anya a gida faci kake yi, ko tallan goro?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ba ta iska nake yi, ba ni nake shanyewa ba."

Bai yi dariya ba. Ya juya wajen mai shago ya zuba masa Larabcin littafi, ko rabi ban kama ba. Ɗan ƙasarku, ya kai ƙararka da harshen da ba ka ji! Wannan har yau yana yi mini ɗaci. Tsohon ya dube ni ya ce iƙamata, takardar izinin zamana, saura wata biyu, in motar nan ta sake dawowa ba zai sabunta ba, halas, wato shi ke nan.

Na kwance tayar, na cika ta da iska, na kifa ta cikin duro na danne da bulo. Zan fara juyawa ke nan aka kira azahar. A Madina kuwa, da an kira salla sai jan ƙofa, ko me kake yi. Na bar ta a nutse muka tafi masallaci. Ranar dai na gefena na bi, ban san raka'a nawa muka yi ba.

Da muka dawo ruwan ya kwanta luf. Na leƙa, sai ga ƙananan kumfa sun jeru a bayan rim kamar tsabar gero, wurin bai kai tafin hannu ba. Ba daga roba suke fita ba, daga ƙarfen kansa. Ashe duk juyawar da nake yi, ni nake share su da hannuna.

Na ce wa mai shago, "Ammi, ta'al shuf," wato Baba, zo ka gani.

Tsohon ya ɗingiso, ya daɗe yana kallo, ya ce wa Malam wanda ya zuba ƙarfen ne ya cuce shi. Malam ya gyara tabarau ya sunkuya, har jallabiyar ta sha ruwan duro.

Na zagaye wurin da ƙusa, na fitar da taya, na ci shi da samfefa ta ciki har ya yi fari, na wanke da fetur, na shafe da gam mai haɗi biyu, na jingine a rana. Da tsagewa ce ba zan taɓa ba, wannan sai mai walda. Washegari na mayar, na tsoma, na zauna na sha shayi kofi biyu ban taɓa ruwan ba. Shiru.

Malam bai ce in yi haƙuri ba, irinsu ba sa cewa. Amma motar ba ta dawo ba. Bayan sati uku tsohon, yana kallon titi, ya ce gobe in kawo hoto na sabunta iƙama. Na je aka yi mini aski, na ari kwat wajen wani Banijare maƙwabcina, na zauna gaban mai hoto. Shekara goma sha ɗaya na ƙara a shagon nan, kuma ban yi da-na-sani ba.